Waya Ta Sha Ruwa: Abin Yi Da Abin Bari

Damina uwar albarka, in ji masu iya magana. To, amma ga wanda ke yawo da wayar hannu a aljihu, damina tana da wani hali da ba a cika faɗa ba. Tun daga watan Afrilu, sa'ad da ruwa ke kankama a Ikko da Fatakwal, har zuwa Agusta da marka ke sauka a Kano da Zariya da Sakkwato, masu gyaran waya ba su rabuwa da wayoyin da suka sha ruwa. Duk wanda ya leƙa kasuwar Computer Village ta Ikeja, ko Farm Centre ta Kano, ko Banex ta Abuja, zai tarar da mutane jere a kan benci, kowa riƙe da tasa kamar mai jiran likita. Ga ɗan acaɓan da ruwa ya ritsa da shi a hanya, ga mai shayin da tasa ta faɗa bokitin wanke kofuna, ga dattijon da ya sunkuya zai yi alwala ta zame daga aljihun gaba, ga kuma uwargidan da yaro ya tsoma mata tata cikin randa.

Lokacin da wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001, asarar waya asarar kuɗi ce kawai, a yi jaje a sayi wata. Yau kuwa al'amarin ya wuce nan. Ɗan kasuwar da ke sauke albasa da tumatir a Mile 12, a cikin wayarsa lambobin abokan cinikinsa suke, da lissafin waɗanda yake bi bashi, da hanyar da yake aika wa iyali kuɗin cefane a gida. Wani kuma a cikinta hoton mahaifiyarsa marigayiya yake, da muryarta ta ƙarshe da ta aiko masa. Saboda haka ya kamata a zauna a fahimci abin da ruwa ke yi wa waya, domin yawancin wayoyin da ke mutuwa bayan sun jiƙe, abin da mai su ya yi a cikin sa'a guda ta farko shi ne ke ƙarasa su.

Ɓarnar Da Ruwa Ke Yi

A cikin kowace waya akwai wani ɗan allo, wanda masu gyara ke kira fanel, shi ne zuciyarta. A kansa aka shimfiɗa hanyoyin tagulla sirara, waɗansu ba su kai kaurin gashin kai ba, aka kuma liƙe ɗaruruwan ƙananan sassa da dalma, kusa da kusa ƙwarai. Kowace hanya da irin ƙarfin wutar da aka tsara mata. Batir yana ba da wajen bolt 4, caja ta yau da kullum tana kawo bolt 5, masu saurin caji kuwa sun fi haka nesa.

Ruwa tatacce wanda babu komai a cikinsa ba ya ɗaukar wutar lantarki sosai. Amma irin wannan ruwa sai a ɗakin bincike. Ruwan rijiya, da na famfo, da na kwata, da gumin jikin ɗan Adam, duka ɗauke suke da gishiri iri-iri, gishirin nan kuwa shi ne ke mayar da ruwa gadar da wuta ke tsallakawa. Da zarar ɗigo ɗaya ya haɗa hanyoyi biyu da bai kamata su haɗu ba, wuta mai ƙarfi sai ta kwarara cikin sashen da ba ya iya ɗaukarta, ya ƙone nan take. Wannan ita ce ɓarna ta farko, mai sauri.

Ta biyu ta fi wuyar sha'ani, domin a ɓoye take aikinta. Idan ruwa mai gishiri ya zauna a kan ƙarfe alhali wuta tana bi, ƙarfen yakan riƙa narkewa kaɗan-kaɗan daga wannan gefe yana taruwa a wancan, har ya bar wata tsatsa fara-fara ko kore-kore a kan allon. Ruwan kuma yana kutsawa ƙarƙashin sassan da aka liƙe, inda iska ba ta kai wa, ya kwanta kwana da kwanaki. Wannan ne dalilin da ya sa mutum zai ga wayarsa ta faɗa ruwa, ya ɗauko, ta ci gaba da aiki lafiya lau, ya yi hamdala, sa'an nan bayan mako guda ko biyu sai ta fara zafi, batir ya riƙa zuba, murya ta shaƙe, daga bisani ta ɗauke gaba ɗaya. Sai ya ce an yi mata baki, alhali tsatsa ce ta gama cin ta.

Ruwa kuma suna suka tara. Na teku ya fi kowanne muni, gama kowace lita ɗaya tana ɗauke da gishiri wajen giram 35. Shayi mai sukari, da kunu, da lemon kwalba, da miya, su ma ko sun bushe sukan bar danƙo wanda ke ci gaba da jawo laima. Ruwan sabulu kuwa ya fi ruwa zalla iya ratsa ƙananan kafofi.

Sa'a Guda Ta Farko

Abu na farko, a fitar da ita da hanzari, domin kowace daƙiƙa ruwa ƙara shiga yake yi. Amma a nan akwai gargaɗi babba. Idan wayar tana jikin caja, a kashe wuta daga bango kafin a sa hannu. Idan kuma rijiya ta faɗa, ko ramin masai, ko kogi mai gudu, to, kada wanda ya bi ta. Tsofaffin rijiyoyi da ramukan masai sukan tara iska mai guba wadda ke sumar da mutum kafin ya ankara. Babu wayar da ta kai ran ɗan Adam daraja.

Na biyu, a kashe ta nan da nan, ko da kuwa tana aiki. A nan ne akasarin mutane ke tuntuɓe. Zuciya tana so ta tabbatar ko wayar tana da rai, sai mutum ya shiga latse-latse, ya kira abokinsa ya ji ko murya na fita, ya buɗe kyamara. Kowane latsi wuta yake turawa cikin jiƙaƙƙen allo. In kuwa ta riga ta mutu da kanta, a ƙyale ta haka nan, kada a yi ƙoƙarin tayar da ita.

Na uku, a cire mata riga, a zare farantin katin sim da na mimori, a goge su, a ajiye gefe. Wayar da ake iya buɗe bayanta, irin ƙananan nan masu madannai, a cire batirinta tun kafin komai. Wannan shi ne sirrin da ya sa tsofaffin wayoyi irin su Nokia 3310 suka yi suna wajen tsira daga ruwa: ana zare batir, wuta ta yanke, tsatsa ta rasa abin da zai ingiza ta. Manyan wayoyin yanzu kuwa an rufe batirinsu a ciki da gam, kuma ko an kashe su akwai sassan allon da wutar batir ba ta barin su. Kada mai waya ya sa wuƙa ko allura ya ce zai ɓalle da kansa, domin batirin litiyam idan aka huda shi yana iya kamawa da wuta.

Na huɗu, a goge jikinta da tsumma mai laushi, a juya kafar caji ta dubi ƙasa, a ɗan bubbuga wayar a tafin hannu a hankali don ruwan da ke kafar ya fito. Kada a girgiza ta da ƙarfi, kada a hura mata iska da baki, kada kuma a cusa auduga ko tsinke a cikin kafar. Duk waɗannan tura ruwa ciki suke yi. Daga nan sai a jingine ta a wuri busasshe mai inuwa, inda iska ke kaɗawa, in da hali a gaban fanka.

Na biyar, wanda ya fi sauran nauyi: kada a sa ta a caji. Waɗansu wayoyin zamani sukan nuna gargaɗi a fuskarsu cewa akwai laima a kafar caji, su ƙi karɓar wuta. Wannan gargaɗi gata ne, kada a nemi hanyar zagaye shi. Kamfanin Apple ya shawarci masu wayarsa da ta jiƙe su dakata aƙalla awa 5 kafin su jona caja, ya kuma ce kafar tana iya ɗaukar har awa 24 kafin ta bushe sarai. Wayar da ta nutse sosai, wadda ba a yi ta don jure ruwa ba, ta fi buƙatar haƙuri: kwana biyu ba su yi yawa ba.

Maganar Shinkafa

Babu shawarar da ta yaɗu a duniya game da jiƙaƙƙiyar waya kamar a binne ta cikin ɗanyar shinkafa. Daga Agege har Maiduguri, da an ce waya ta faɗa ruwa sai a ji wani ya ce a kawo mudu. Gaskiyar magana ita ce, shinkafa tana jan laima, amma a hankali ƙwarai, kuma daga iskar da ke kewaye da ita kaɗai. Ba ta da ikon zuƙo ruwan da ya maƙale a ƙarƙashin sassan allo, balle ta wanke gishirin da ruwan ya bari. Bugu da ƙari, garinta da ƙananan gutsattsarinta sukan shiga kafar caji da ta lasifika, su haɗu da danshi su zama ƙullu. A farkon 2024 jaridun duniya suka yi ta yayata gargaɗin da Apple ya rubuta a shafinsa, inda ya hana masu iPhone sa ta cikin shinkafa saboda wannan dalili.

To, me ya sa mutane da yawa suke rantsuwa cewa shinkafa ta ceci wayarsu? Amsar ba ta da nisa. Wanda ya binne wayarsa a cikin buhu ya bar ta kwana biyu bai taɓa ba, bai kunna ba, bai sa caji ba. Haƙurin nan ne ya yi aiki, shinkafa ta karɓi yabo. Da ya ajiye ta a gaban fanka tsawon wannan lokaci, da sakamakon bai gaza haka ba, tuwon dare kuma ya tsira.

Abin da ya fi shinkafa shi ne ƙananan ƙunshin nan masu ƙwayoyi kamar gishiri da ake samu a cikin kwalin sabon takalmi ko jaka ko kwalbar magani, watau silika. Aikinsu ke nan tun asali, shan laima. Mai dabara yakan tara su a cikin kwalba mai murfi. Ranar da tsautsayi ya faɗa, sai a sa wayar tare da su da yawa a cikin mazubin da iska ba ta shiga. Sai dai a kiyaye su daga hannun yara, a kuma tuna cewa su ma busarwa kaɗai suke yi, ba su wankewa.

Rana Da Wuta

Waɗansu kuma sukan ce tun da zafi ke busar da wanki, bari a shanya waya a kan kwanon rufi, ko a ɗora ta a kan murfin tukunya, ko bakin murhu, ko a kunna mata na'urar busar da gashi. Wannan shi ne garin gyaran gira a rasa ido. Masu ƙera waya sun ƙayyade zafin da take jurewa. Apple, alal misali, ya ce a yi amfani da wayarsa tsakanin digiri 0 da 35 a ma'aunin Salshiyos, kada kuma a ajiye ta inda ya wuce 45. Kwanon rufi a tsakar ranar bazara ya zarce haka nesa ba kusa ba. Zafi yana narkar da gam ɗin da ke riƙe da gilashi, yana lalata batir har ya kumbura, sa'an nan yana mayar da ruwan da ke ciki tururi, tururin ya ratsa inda ruwa bai kai ba, in ya huce ya sake zama ruwa a can. Duk batirin da aka ga ya kumbura har ya ɗaga bayan waya, a daina amfani da shi, a nisanta shi daga katifa da labule.

Zuwa Wurin Mai Gyara

Idan wayar ta nutse ƙwarai, ko ruwan mai gishiri ne ko mai datti ko mai sukari, ko an ga hazo a cikin gilashin kyamara, ko tabo a fuskarta, to, jira ba shi da amfani. A kai ta wurin mai gyara a ranar, ba sai ta mutu ba. Gwani abin da zai fara yi shi ne ya buɗe ta ya raba batir da allo. Daga nan ya wanke allon da wani sifirit na musamman da ake kira isofurofil, mai ƙarfin kashi 90 cikin 100 ko fiye, wanda ke korar ruwa, ya kwashe gishiri, ya kuma bushe da sauri. Manyan shaguna suna da ɗan injin wanki mai girgiza ruwan magani da sautin da kunne ba ya ji, wanda ke fitar da datti daga ƙarƙashin sassa. Bayan ta bushe ne ake duba ta da madubin ƙara girma, a gwada, kafin a mayar da wuta.

Mai waya yana da ikon ya tambayi mai gyara yadda zai yi aikin. Wanda ya karɓi jiƙaƙƙiyar waya ya nufi caja da ita don ya gwada, ko ya ce zai wanke ta da fetur ko kananzir, a karɓe ta a yi gaba. Har wa yau, kada a bar katin sim a cikin wayar da za ta kwana a shago, domin layin mutum a yau shi ne mabuɗin asusunsa na banki. Ba zargi ba ne, kiyayewa ce, masu gyara na ƙwarai ma da kansu suke cewa a cire.

Wai Ba Ta Shan Ruwa

Mai saye yakan ji ɗan kasuwa yana cewa wannan waya ko a kogi aka jefa ta babu abin da zai same ta. A yi hattara da wannan zance. Abin dubawa shi ne lambar da ke farawa da haruffan IP. Alƙalami na farko na ƙura ne, 6 kuwa shi ne ƙarshensa. Na biyu na ruwa ne. IP67 na nufin an gwada ta a zurfin mita 1 na minti 30, IP68 kuma zurfin da ya fi haka, gwargwadon abin da kamfanin ya bayyana. Galaxy S7 ta Samsung da iPhone 7, waɗanda suka fito a 2016, suna cikin waɗanda suka yaɗa wannan tsari. Wadda aka rubuta wa IP53 ko IP54 yayyafi da fantsama kaɗai take jurewa, wadda ba ta da lamba kuwa ba a yi mata alkawarin komai ba.

Gwajin nan a ruwa mai tsabta, marar motsi, ake yin sa, da sabuwar waya fil. Abin da ke tare ruwan ɗan gam ne da zoben roba, su kuwa suna tsufa. Faɗuwa ɗaya, ko tsagewar gilashi, ko buɗewa a wurin gyara, ya isa ya raunana su. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Hukumomi a waɗansu ƙasashe sun ɗauki mataki a kan irin wannan talla. A Nuwamban 2020 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Italiya ta ci Apple tarar Yuro miliyan 10 saboda yadda ya tallata jurewar ruwan wayoyinsa. A Yunin 2022 kotun tarayya ta Ostareliya ta umarci Samsung ya biya dalar ƙasar miliyan 14, saboda tallace-tallacen da suka nuna ana shiga teku da wurin ninƙaya da wayoyinsa, alhali kafar caji tana iya yin tsatsa idan aka sa caji tana jiƙe.

Garanti ma galibi ba ya ɗaukar ɓarnar ruwa. Wayoyi da yawa suna da wani ɗan tabo fari a ciki, sau da yawa a ramin farantin sim, wanda ke komawa ja ko ruwan hoda in ruwa ya taɓa shi. Mai sayen wayar da aka yi amfani da ita, ya zare farantin ya haska tocila. In ya ga ja, ya san an ɓoye masa labari.

Laima Marar Sallama

Ba sai waya ta faɗa ruwa take jiƙa ba. Gumin aljihu, da tururin kicin da na banɗaki, da fita daga ɗaki mai na'urar sanyaya iska zuwa cikin zafi mai laima irin na bakin teku, duka suna tara raɓa a cikinta, kamar yadda kwalbar ruwan sanyi ke gumi. Ledar da masu babur ke naɗe waya a ciki tana da amfani lokacin ruwa, amma a sa ta a bushe, a kuma fitar da ita in an isa gida, gama leda tana tsare danshin ciki kamar yadda take tare na waje. Mai zuwa alwala ko bayan gida ya mayar da ita aljihun gefe, ko ya ajiye ta nesa da buta.

Abin Da Ba A Saye A Kasuwa

Daga ƙarshe, waya ana sayen wata, layi ma ana dawo da shi, musamman ga wanda ya haɗa shi da lambarsa ta ɗan ƙasa kamar yadda gwamnati ta umarta tun Disamban 2020. Abin da ba ya dawowa shi ne abin da ke ciki. Ambaliyar Maiduguri ta Satumban 2024, bayan ɓallewar madatsar Alau, da ta Mokwa ta Mayun 2025, sun isa tunatarwa cewa ruwa yana iya zuwa cikin dare ba tare da ya bar wa kowa damar ɗaukar komai ba. Mai hankali ya ajiye lambobinsa a asusun Google ko iCloud, ya kunna ajiyar saƙonnin WhatsApp, ya kwafe hotuna masu daraja a wani wuri, ya kuma rubuta lambobin makusantansa da lissafin bashinsa a littafi, kamar yadda iyaye suka saba. Wanda bai iya ba ya nemi ɗansa ko ƙanensa ya yi masa, aikin bai wuce na minti 15 ba.

Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma in kunne ya ji, jiki ya tsira. A kashe, a goge, a jingine a inuwa, a nisanci caja da wuta, a garzaya wurin gwani in ruwan ya yi yawa. Allah ya ba da damina mai albarka, ya kiyaye dukiya da rayuka. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai rai.